An Ce a Sa a Ƙasa

Shekarun baya, a farkon dawowar mulkin farar hula, aka ɗan taɓa albashinmu mu malaman makaranta, ni kuma abin da na fara yi da ƙarin shi ne sayen firji. Lokacin ban yi aure ba. Ina zaune a gidanmu na gado a Sheshe, ni a shagon bakin zaure, mahaifiyata a cikin gida. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ƙanwata kuma ba a jima da kai ta ɗakinta a Goron Dutse ba. Mu biyu ke nan a gidan, sai maƙwabta masu shiga da fita.

Firjin ɗan Kwatano ne, an mora an bar mana saura, amma jikinsa fes. Babbar ƙofa a sama, ƙarama a ƙasa, in ka buɗe ta ƙasan sai ka tarar da durowoyi. Mai shagon ya ce mini ƙasan ne wajen ƙanƙara, saman kuma na ruwa da kayan miya. To ni duk firjin da na taɓa gani a Kano ƙanƙararsa a sama take, kuma in za a faɗi gaskiya wannan bambancin ne ya ja ni. So nake a ce firjin gidan Malam ba irin na kowa ba ne. Mota ba ta shiga lungunmu, a kura aka turo shi, sai da muka cire ƙyauren zaure sannan ya wuce.

Akwai abin da sai na faɗa kafin labarin ya zauna. Ni ne ɗan fari. Dangin mahaifiyata asalinsu masu shanu ne, sun daɗe a cikin birni har Fillancin ya tafi, amma kunyar ba ta je ko'ina ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In abinci ya sauka sai ta ce a gaya wa na shago, ko da ba kowa a tsakar gidan sai kaji. Ni ma ba na zama hira da ita. In durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen, in tashi. Duk maganar da ta wuce gaisuwa ta bakin ƙanwata take biyowa. Da aka kai ƙanwata sai muka koma yi wa iska magana, in tsaya a tsakar gida in faɗi abin da zan faɗa, ita ma ta amsa daga ɗaki kamar da wani take.

Tana da ciwon sukari, irin wanda sai da allura safe da yamma, kuma ita ke yi wa kanta a uwar ɗaki. Kwalbar maganin ba ta son zafi, don haka tun da daɗewa a gindin randa take ajiye ta, cikin jiƙaƙƙen yashi. Ranar da firji ya iso na tsaya a tsakar gida na ce to, ga wajen ajiye magani ya samu. Aka amsa daga ɗaki cewa ita randa ba a ɗauke mata wuta. Na bar maganar a nan, na ci gaba da zama a kan cewa magani yana gindin randa.

A rumfarta aka ajiye firjin, kuma ta karɓe shi yadda ake karɓar kayan ɗaki. Ta sa aka matse shi a kusurwa, jikin bango, gefen kabad ɗin jerenta. Ta lulluɓe shi da wani farin leshi da ya sauko har bayansa, ta jera kwalla a kai. Kyau kam ya yi kyau. Abu ɗaya ne ya ƙi yi, wato aikin da aka sayo shi dominsa. Saman sanyi-sanyi, ƙasan ya ɗan fi, amma in ka ƙulla ruwa a leda ka sa yau, jibi ma ruwa za ka ɗauko. Muka ɗora wa masu wuta laifi, kuma suna da rabonsu. 'Yan siyasa suna ta alkawari a rediyo cewa an kusa daina ɗaukewa, amma wutar da ke zuwa lungunmu ko ƙwan fitila da ƙyar take ja masa ido. Sai ka ji injin firjin ya yi ƙyat, ya yi gurnani kaɗan, ya yi shiru. Wata maƙwabciyarmu mai baki ta sa masa suna randar Turawa, sunan kuma ya bi shi har bakin masallaci.

Haka muka yi watanni. Da watan Rajab ya kama sai na ce wallahi bana da ƙanƙarar gidanmu za mu sha ruwa. Na je Jakara na ɗauko abokina, wanda muka yi firamare tare, mai gyaran fanka da rediyo. Tun a hanya ya gaya mini shi ba mai gyaran firji ba ne, amma kafin a kira wanda zai leƙa ya ce gas ya ƙare, gara mu duba abin da ido zai iya gani.

Na sanar da iska cewa za a kashe firji a kwashe kayan ciki. Mahaifiyata ta fito, ta ce a ɗan dakata, ta shiga rumfar ita kaɗai, ta fito da 'yan kayanta a naɗe cikin zani ta wuce uwar ɗaki. Ban duba abin da ta ɗauka ba, ba ma hurumina ba ne in duba. Maganar cire leshi kuwa ba a amsa ba, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin izini.

Da muka jawo shi daga bango sai da abokina ya yi salati. Ƙarafunan baya, waɗanda zafi ke fita ta cikinsu, sun toshe da ƙura da yanar gizo da gashin kaji, ga leshi ya rufe sauran hanyar iskar. Ya ce wannan ai ko mutum aka yi wa haka ba zai yi aiki ba. Muka share da burushin fenti da tsintsiya. A can ƙasa akwai ɗan faranti da ruwan da ke tsatsowa yake taruwa a ciki, ya yi kore yana wari, muka wanke. Ramin da ruwan ke bi daga ciki ya toshe, muka zura tsinken tsintsiya muka bi shi da ruwan ɗumi har ya wuce. Sai ƙofar ƙasa. Abokina ya saƙala takarda ya rufe ƙofar, ya ja, takardar ta zare ba ko gardama. Ashe daɓen rumfar gangare yake, an yi shi ne don ruwan wanki ya fita, firjin ya karkato gaba, ƙofar ba ta taɓa kamawa sosai ba. Muka murɗa ƙafafunsa na gaba har ya ɗan kwanta baya. Robar ƙofar ta bushe ta ƙage, muka yi ta gasa ta da tsumma da ruwan zafi har ta yi laushi. Washegari na kawo sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, muka bar tazarar hannu tsakaninsa da bango, muka murɗa maɓallin sanyi.

Kafin ya tafi ya bar mini dokoki. In an ɗauke wuta a kashe soket, in an kawo a ɗan jira tukuna kafin a kunna. A riƙa share baya. In ƙanƙara ta kama jikin ciki kada a kuskura a sa wuƙa, a kashe a bar ta ta narke da kanta. Na riƙe su kamar hadda.

Kwana biyu ba su cika ba ƙasan ya fara daskarar da ruwa. Ƙanƙara sosai, mai tauri, wadda ko an ɗauke wuta yini guda tana nan. Na ɗauko ƙulli ɗaya na fita da shi zaure, wai ina shan iska, alhali jira nake wani ya wuce ya gani. Nan da nan maƙwabta suka fara aiko da zoɓo da kunun aya a sa musu, har mai randar Turawa ta aiko da nata ba ko kunya. Mahaifiyata ta gaya wa iska cewa wannan firji mai girman kai ne, sai an durƙusa masa yake ba da ƙanƙara. Daga bakinta wannan babban yabo ne, na kuma ji daɗinsa.

Bayan 'yan makonni sai ta fara canzawa. Ƙishirwa ba dare ba rana, yawan zagayawa, ga rama. Na lura tana dafa bango in za ta tashi daga kan tabarma. Na aika aka kira ƙanwata ta kai ta asibiti. Aka auna, sukari ya hau sosai. Aka ƙara mata yawan allurar, aka ce su dawo. Suka koma, bai sauka ba. Aka sake ƙarawa. Nas ɗin da ke duba ta, wadda ta san ta shekara da shekaru, ta fara yi mata faɗa, wai Hajiya ki ji tsoron Allah, ana cin dabino a ɓoye ko ana zuba sukari a fura. Ƙanwata ma ta yarda da haka, ta zo ta birkice uwar ɗaki tana neman alewa. Mahaifiyata ta ce wallahi ba ta ci ba, sau ɗaya, ba ta sake tankawa ba.

Sai likita ya yanke hukunci, in sukarin bai sauka ba kafin a ga wata, ba azumi bana. Wanda bai san ta ba zai ce ai sauƙi aka yi mata. Mace ce da tun da ta yi wayo ba ta sha azumi ba sai da uzurin da shari'a ta ba mata, kuma ko bayan ciwon ya same ta likita yakan daidaita mata allurar ta yi abinta lafiya. Tun Sha'aban take tanadin gero da tsamiya. Ba ta roƙi likitan ba, ta dai tambaye shi ko akwai abin da za ta ƙara yi. Ya ce ta ci gaba da allura, ta kiyaye baki.

Aka ga wata, sukari yana nan inda yake. Gari duk ya ɗauki azumi, ita kuma dole ta ci da rana saboda allura. A uwar ɗaki take ci, ƙofa a rufe, ta wanke kwanon da kanta ta kife kafin wani ya shigo. Da yamma ta dama kunu ta soya ƙosai ta ce a gaya wa na shago. Matan lungu in sun shigo karɓar zoɓonsu suna yi mata sannu da ibada, ta amsa da muryar da ba tata ba. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ba ni da abin yi sai sayo mata ganye da kifi, da kuma kula da firji. Shi kam yana ta aiki ba ya fashi.

Wajen tsakiyar watan, wata rana bayan la'asar, na durƙusa zan ɗauko ƙanƙarar shan ruwa. Ƙullin ledojin sun manne da juna, na ja, suka ƙi, sai na zaro durowar ƙarshe gaba ɗayanta. A can kusurwa akwai wani ɗan gwangwanin madara a naɗe cikin ɗankwali, ɗankwalin ya sandare. Na san ɗankwalin. Na buɗe, sai ga kwalaben allurarta, abin da ke ciki ya daskare fari fat.

Ban san ilimin magani ba, amma na san ba haka ya kamata a gan shi ba. Na ɗauki gwangwanin na je bakin ƙofarta na durƙusa. Wannan karon ban yi wa iska magana ba.

“Inna, maganin ne wannan?”

Tana kallon bango ta ce, “An ce a sa a ƙasa.”

Na tambayi wanda ya ce. Ta ce nas ɗin ce, tun ranar da aka fara ba ta allurar. Ta gaya mata in Allah ya hore firji a ajiye a ƙasa, kada a kuskura a kai shi sama. Ba ta faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da zafin bazara ya tsananta, yashin gindin randa yana bushewa kafin azahar, shi ne ta mayar da shi firji, a ƙasa, yadda aka ce. A lokacin firjin bai iya komai ba sai ɗan sanyi, maganin yana zaune lafiya. Tun da aka gyara ne ya fara daskarewa, sai ta riƙe kwalbar a tafin hannu har ta narke sannan ta yi allurar.

Na ce to me ya sa ba a faɗa ba.

Ta ce, “Na ga an sha wahala a gyaran.”

Na koma rumfa na mayar da durowar, na sa gwangwanin a sama. Ranar da ruwan randa na buɗe baki.

Da safe ni na kai ta asibiti, karo na farko da muka fita tare tun ina yaro. Tana bayan tasi, ina gaba. Na ajiye wa nas ɗin gwangwanin a kan tebur na yi mata bayanin irin firjinmu. Ta riƙe kai. Ta ce maganin nan in ya daskare ya mutu, ko ya narke ba ya dawowa, duk makonnin nan kusan ruwa Hajiya take yi wa kanta. Ta ce shekarunta nawa tana faɗa wa mutane a sa a ƙasa, don kowane firji ƙanƙararsa a sama take, ba ta taɓa jin wanda aka juya ba. Daga baya ƙanwata ta ba ni labarin cewa a zuwansu na biyu ma an yi tambayar. Nas ta ce ina ake ajiye maganin, aka ce a firji. Ta ce a ƙasa dai ko, aka ce a ƙasa. Ita ƙanwata ba ta kawo komai a ranta ba, don firjin gidan mijinta irin na kowa ne. Nas ɗin ta durƙusa har ƙasa ta ba mahaifiyata haƙuri a kan maganar dabino, ita kuma ta ce ba komai.

Aka ba ta sabuwar kwalba, aka mayar da allurar yadda take da, don kada magani mai rai ya yi mata yawa. Cikin 'yan kwanaki sukari ya sauko. Ta tambayi likita ko za ta samu goman ƙarshe. Ya ce a'a, jikin ya sha wuya, sai ya murmure. Haka watan ya fita ba ta samu ko ɗaya ba. Ranar Sallah ta yi tuwo ta raba wa maƙwabta kamar kullum, amma ba ta sa sabon zaninta ba.

Wasu suka ce ta ciyar kawai, mai irin wannan ciwo an yi masa rangwame. Ta ce wanda ya ji sauƙi ramuwa ce a kansa. Likita bai sake ta ba sai bayan watanni, kuma lokacin ya faɗo daidai tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya fitowa da rana. Ya ce ta riƙa yi tana hutawa, in ta ji jiri ta karya. Ta fara. Azumi a cikin jama'a daban yake da azumin mutum shi kaɗai, ana daka a maƙwabta, ƙamshin miya yana shigowa ta katanga. A rana ta biyu na tsaya a tsakar gida na ce daga yau kada a riƙa ɗora tukunyar rana saboda na shago. Ba a amsa ba, ba a kuma ɗora ba.

Haka muka yi ta yi. In magariba ta kusa in durƙusa wa mai girman kai, in fasa ƙanƙara a kofin silba, in ajiye mata a bakin ƙofa in koma shago da nawa. Ranar da ta cika na ƙarshe, na ajiye kofin na juya zan tafi, sai na ji ta ce:

“Kai. Zauna nan ka sha.”

Na zauna a bakin tabarmar. Ba mu yi hira ba. Ta sha, na sha, ta turo mini kwanon ƙosai da bayan hannu. Bayan nan ta yi azumi na wasu shekaru lafiya lau kafin Allah ya karɓi abarsa, maganin kuma yana sama, a kantar tsakiya, cikin gwangwaninsa.

Firjin yana gidana har yau, ya tsufa amma yana yi. Leshin ma yana kai, sai dai ita da kanta ta rage masa tsawo ta baya. Nakan share ƙarafunan, nakan gwada ƙofar da takarda, ba na bari a sa masa wuƙa. In na tuna abin ba na jin haushin kowa. Nas ta faɗi abin da ta sani, mahaifiyata ta bi abin da aka ce mata, mu kuma mun yi gyara mai kyau. Abin da ya rage shi ne magana guda da ba ta samu hanyar wucewa daga uwar ɗaki zuwa shago ba, tazarar da ba ta fi tsawon igiyar shanya ba, kuma ta ci azumin wata guda.

Ba na zagin kunya, a cikinta na tashi, na san kuma ƙauna ce a wata sura. Amma ɗan farina yanzu, in ya shigo gida, da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, in ce zo nan ka gaya mini abin da ke damunka. Gwaggonninsa suna cewa Malam ba shi da kunya. Na yarda.